Sharhi Kan Bitar Fahimtar Juna Tsakanin Dattawa da Matasa a Wurin Aiki da Ake Bayarwa a Ikeja

A 'yan shekarun nan kamfanonin horar da ma'aikata sun yawaita a Legas, kuma cikin abubuwan da suke tallatawa akwai wata bita da suke cewa tana koya wa dattawa da matasa yadda za su yi magana da juna a wurin aiki ba tare da an ɓata ba. Kamfanin sufurin da nake kula wa da ofis a Ijora, wanda motocinsa ke ɗaukar kwantena daga tashoshin Apapa da Tin Can zuwa Kaduna da Kano, ya sayi irin wannan bita daga wani ƙaramin kamfani da ke Ikeja, kuma tun da muka kammala abokan sana'a daga Agege da Mile 12 da Alaba Rago suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsata ita ce ta biya, amma rabin bitar ne ya biya. Ɗaya rabin kaya ne da aka ɗebo daga wata ƙasa aka kawo mana ba tare da an duba ko sun dace da mutanen da ke zaune a zauren ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin matsalar da ta kai mu ga neman taimako, domin da ita zai auna ko bitar za ta yi masa amfani. Har zuwa 'yan shekarun baya aikinmu a baki yake tafiya. Maigida ya kira direba ya ce ga kaya ga inda za su, direba ya amsa, a damƙa masa kuɗin mai da na hanya a hannu, ba kuma za a sake jin ɗuriyarsa ba sai ya sauke. Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne manhajar Eto da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, wadda ta wajabta a nema wa kowace mota izini, wato tikitin shiga tasha, ta intanet, ta jira a garejin da aka amince da shi irin na Lilypond, sai an kira ta sannan ta nufi tasha. Daga lokacin, direban da ya tsufa yana shiga Apapa ya koma ba ya iya motsa mota sai wani akawun ofis da bai kai ɗan autansa ba ya ce masa tikitinsa ya fito. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, lokacin da kuɗin hanya ya koma ta waya, direbobi suka riƙa tsayuwa a gidajen mai suna jiran alat daga hannun waɗannan matasa. Ragamar aiki ta koma hannun ƙanana, girma ya tsaya wurin manya, babu kuma wanda ya zauna ya tsara yadda ɓangarorin biyu za su riƙa magana.

Abin da ya biyo baya duk mai irin wannan sana'a ya san shi. Direbobi suna ƙorafin cewa yaran ofis ba su da ladabi, suna jefo umarni ta waya babu sallama babu gaisuwa. Matasan kuma suna cewa dattawan ba sa karanta saƙo, suna ba da labari a baki su zo daga baya su ce ba haka suka ce ba, kuma suna kira da tsakar dare a kan abin da aka riga aka rubuta musu tun da la'asar. Wannan saɓani yana cin kuɗi, domin tikitin da ya wuce lokacinsa sai an sake nema, kwantenar da ba a mayar wa kamfanin jirgi a kan kari ba kuma kullum kuɗin jinkiri take tarawa.

An gudanar da bitar ranakun Asabar da Lahadi a zauren wani otal da ke Ikeja, kuma ta fuskar shiri ba ni da ƙorafi. Sun tambaye mu tun da wuri lokutan salla, suka tsara hutu a kan azahar da la'asar, suka tanadi wurin alwala mai tsabta, abinci kuma ya wadata. Sun shirya teburori masu zagaye suka gauraya mu, direba kusa da akawu, makaniki kusa da akanta, abin da ya ɗan sa wasu matasa takura da farko, amma ya zama dole ga aikin da aka zo yi.

Zaman farko wani matashi ne ya jagorance shi, mai tsabtataccen Turanci da kyakkyawar mu'amala, wanda babu shakka ya yi shiri. Ya haska jadawali a bango wanda ya kasa ma'aikata gida huɗu bisa shekarar haihuwa: waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964, sai na 1965 zuwa 1980, sai na 1981 zuwa 1996, sannan na 1997 zuwa 2012. Kowane rukuni an lissafa masa halayensa, wannan yana son ganawa ido da ido, wancan yana son a bar shi ya yi aikinsa shi kaɗai, na ƙarshe kuma ba ya son dogon bayani. Waɗannan iyakoki su ne cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta yi amfani da su, kuma a can suna da tushe, domin rukunin farko ya samo asali ne daga yawan haihuwar da aka yi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Matsalar ita ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan shekaru da ta raba rayuwar mutanen da ke zaune a gabansa. Mafi tsufan direbobinmu yana auna zamani da 1972, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama yana yaron mota, da 1973 da Naira ta maye gurbin fam. Waɗanda ke bi masa sun rabu biyu a kan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, wasu an kai su boko, wasu sun ci gaba da makarantar allo, kuma wannan rabuwa ta fi tazarar shekara ashirin tasiri a kan yadda mutum yake karɓar rubutaccen saƙo a yau. Masu matsakaicin shekaru irina mun tashi cikin matsin shirin gyaran tattalin arziki na 1986, mun kuma riski zuwan wayar salula a 2001 da girmanmu. Akawunan ofis kuwa ba su san duniyar da babu waya a aljihu ba. Da mai horarwar ya gina jadawalinsa a kan waɗannan shekaru, da dattawan sun ga kansu a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A 2020 wani kwamitin masana na Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka ya fitar da rahoto a kan wannan batu, ya nuna cewa binciken da ake da shi bai tabbatar da amfanin kasa ma'aikata rukuni-rukuni bisa shekarar haihuwa wajen tafiyar da su ba, domin yana da wuya a bambance abin da ke zuwa da shekarun mutum da abin da ke zuwa da zamanin da kowa ke ciki. Matashi na yau yana gaggawa, amma dattijon da ke kukan gaggawarsa shi ma ya yi tata yana matashi. Kamfanin da yake karɓar kuɗin mutane a kan wannan ilimi ya kamata ya san da wannan, ya kuma faɗa. A zauren namu jadawalin ya so ya yi ɓarna, domin wani akawu ya fara nuna wa abokinsa layin da aka rubuta cewa tsofaffi suna tsoron sauyi, wani direba da aka fassara wa kuma ya ɗaure fuska har aka tashi hutu. Mutanen da suka zo da zargin juna an ba su takardar da ke gaskata zarginsu.

Bayan azahar lamarin ya sauya, saboda wadda ta karɓi zaman. Dattijuwa ce Bahaushiya haifaffiyar Agege, wadda ta daɗe tana aiki a sashen kula da ma'aikata na wata masana'anta kafin ta yi ritaya, tana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, kowa kuma Hajiya yake ce mata. Ta kashe majigin, ta zagaya ta gaida direbobi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsaya ta ce, “Iyayena da yayyena, ku yi mini izini, yau zan sa yara su yi magana a gabanku, abin da duk suka faɗa ni na sa su, laifin a wuyana yake.” Wannan jimla ɗaya ta buɗe ƙofar da zaman safe bai iya buɗewa ba, domin ta ɗauke wa matasa nauyin rashin kunya, ta kuma bar wa dattawa girmansu na masu ba da izini.

Sai ta nemi wani akawunmu ya buɗe wayarsa ya karanta saƙon ƙarshe da ya aika wa direba. Ya karanta cikin sanyin murya: “Tikiti ya fito, ka tashi yanzu.” Ta juya wurin direban, wanda duk garejin ke kira Baba, ta tambaye shi yadda ya ji. Ya gyara hularsa ya ce, “Ɗana, ni ban ƙi a ce in tashi ba, aikina ke nan. Amma Alhajin da ya sayi motar da kuɗinsa, in ya kira ni sai ya tambayi kwanan iyali kafin ya ce in tashi.” Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, Allah ya huci zuciyarka, wallahi ba raini ba ne. Motoci da yawa nake bi a lokaci guda, in tikiti ya fito ban sanar nan take ba lokaci ya wuce, ni za a tuhuma.” Na daɗe ina aiki da mutanen nan biyu, ban taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya wannan ba. Kowannensu ni yake kawo wa ƙara.

Hajiya ba ta ba kowa gaskiya ba, ba ta kuma ce a yi haƙuri a tashi ba, wanda shi ne abin da mu muka saba yi. Ta sa yaron ya sake aika saƙon a nan take, amma da murya, ya fara da sallama da barka da aiki, ya faɗi cewa tikiti ya fito da lokacin da ya rage, sannan ya biyo da rubutu mai ɗauke da lambobi kawai. Ta sa aka duba tsawon saƙon muryar, bai kai rabin minti ba. Daga nan ta shimfiɗa ƙa'idar da ita ce ginshiƙin bitar gaba ɗaya, cewa duk abin da ya shafi mutuncin mutum a faɗa da murya, duk abin da ya shafi kuɗi ko lamba ko lokaci kuma a rubuta, kuma mafi yawan saƙonnin aiki suna buƙatar duka biyun. Ta ƙara da cewa wanda aka aika wa ya maimaita abin da ya ji kafin a kashe waya. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, kuma alƙalami ɗaya da aka ji ba daidai ba ya isa ya sa mota ta kwana a bakin tasha, saboda haka maimaitawa ba zargin kowa ba ce da rashin hankali. Ta nace cewa ƙa'idar ta hau kan kowa, har da maigida in shi aka kira.

A cikin wannan zama ne wani abu ya fito wanda nake ganin shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Hajiya ta tambayi direbobi, cikin hikima ba tare da ta nuna kowa ba, su wane ne suka fi sakewa da karatun ajami ko Larabci a kan na boko, su wane ne kuma ƙananan haruffan waya ke wahalar da idonsu. Hannuwa suka tashi a hankali, har da na mutanen da ban yi zato ba. Akawunan sun daɗe suna ɗaukar rashin amsa saƙo a matsayin girman kai, alhali dattijo ne da ya haddace izifai masu yawa na Alƙur'ani yake jiran yaron motarsa ya dawo daga sayen abinci ya karanta masa, ba kuma zai taɓa kiran ofis ya ce bai iya karantawa ba. Na ga fuskar ɗaya daga cikin matasan ta sauya a lokacin. Kafin a tashi an ƙara girman haruffa a wayoyin da yawa daga cikin direbobin, aikin da bai ɗauki komai ba amma babu wanda ya taɓa tunanin yi.

Rana ta biyu ta tafi ne a kan abin da ya fi wuya, wato yadda ƙarami zai saɓa wa babba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san cewa yaro ba ya musu da wanda ya haife shi ko sa'an mahaifinsa, kuma wannan tarbiyya ce da ba na fatan mu rasa. Sai dai a wurin aiki tana haifar da wata illa da ba a cika magana a kanta ba: a ba matashi umarnin da ya san ba zai yiwu ba, ya amsa da ladabi ya fita, sannan ko dai ya yi abin da ya ga ya dace a ɓoye ko ya bar abin ya lalace, domin faɗin gaskiya a gaban mutane ya fi masa nauyi a kan asarar da za a yi. Hajiya ta koyar da hanyoyi da suka fito daga cikin al'adarmu. Matashi ya jira a watse, ya sami babba shi kaɗai, ya gabatar da abin da ya gani a matsayin neman shawara, ya kuma zo da shaida a hannu, misali ya nuna allon wayar ya ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da banki ya nuna, ko akwai yadda kake ganin za a yi?” In abin ya fi ƙarfinsa ya bi ta hannun mai matsakaicin shekaru wanda ɓangarorin biyu ke jin maganarsa. Ta kuma ɗora wa dattawa nasu nauyin, wanda shi ne ya fi muhimmanci a ganina, cewa babba ne zai buɗe ƙofa, ya riƙa tambayar yaro abin da ya gani kafin ya yanke hukunci, domin ƙarami ba zai iya ba kansa izinin magana ba.

Wani direba ya kawo karin maganar da aka san za ta zo, cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Hajiya ta karɓe ta hannu biyu, ta ce gaskiya ce, kuma za ta nuna wa yaran gaskiyarta yanzu. Ta sa direbobin suka ba akawuna labarin tafiya guda daga Ijora zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, dalla-dalla: cunkoson fita daga Legas zuwa Ibadan, halin hanyar Ogbomosho zuwa Ilori ga mota mai nauyi, tsallake gadar Jebba, inda ake kwana a Mokwa da dalilin da ya sa ba a tashi daga wasu wurare sai gari ya waye, da abin da damina ke yi wa hanya da taya. Akawunan sun saba duba taswirar waya su ga sa'o'in da ta ƙiyasta, su yi wa mai kaya alkawarin ranar isowa a kan wannan, sannan su riƙa damun direba da kira in ranar ta wuce. Sun fita daga wannan zama sun fahimci cewa taswirar ba ta san nauyin kaya ba, ba ta san shingayen hanya ba, ba ta kuma san wurin da mai hankali ba ya ratsawa da dare ba. Bayan haka ta juya, ta sa matasan suka nuna wa direbobi yadda neman tikiti yake daga ciki, da yadda manhajar ke tsayawa wani lokaci ba da laifin kowa ba, da dalilin da ya sa kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani kan makale. Saboda dattawan sun riga sun koyar, sun zauna sun koya ba tare da jin an rage musu daraja ba. Wannan jeri da ta bi, manya su fara bayarwa kafin su karɓa, shi ne gwanintar da ba a samu a jadawali.

Batun zauren WhatsApp na ma'aikata an taɓa shi a taƙaice kuma da kyau. An amince cewa wurin sanarwa ne, ba a yi wa kowa faɗa a ciki, babba ko ƙarami, kuma ba a kira bayan isha sai in mota ta lalace ko an yi hatsari.

Akwai giɓi biyu da ba zan iya wucewa ban ambata ba. Na farko shi ne matsayin mata. Akantarmu matashiya ce, kuma ita ce ke da alhakin neman rasit daga hannun maza sa'annin mahaifinta, ta kuma hana kuɗi in lissafi bai cika ba. Nauyin da ke kanta ninki biyu ne, na ƙuruciya da na kasancewa mace a garejin da kusan duk maza ne. Ta yi tambaya a kan wannan, aka ba ta amsa ta 'yan mintoci aka wuce saboda lokaci ya ƙure, alhali an ɓata safiya guda a kan jadawalin Amurka. Hajiya ta keɓe da ita a lokacin hutu, kuma na yaba da hakan, amma direbobin ne ya kamata su ji amsar.

Giɓi na biyu ya fi girma, domin ya shafi tushen saɓanin. Bambancin da ke tsakanin dattawanmu da matasanmu ya wuce salon magana, ya kai ga abin da kowane ɓangare ya ɗauka aiki yake nufi. Dattijon ya tashi a tsarin maigida da yaronsa, inda ba a rubuta albashi amma maigida yake yi wa yaro aure, ya ɗauki nauyin asibiti, ya biya kujerar Makka in Allah ya hore, ya kuma sallame shi da jari ko mota bayan shekaru. A idonsa matashin da ya tambayi takardar ɗaukar aiki ya nuna bai yarda da amanar gida ba. Matashin kuwa ya ga waɗanda suka yi wa gida hidima har ƙarfinsu ya ƙare, maigida ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Ya san dokar fansho ta 2014 ta tanadi kashi 10 cikin ɗari na albashi daga mai ɗaukar aiki da kashi 8 daga ma'aikaci, ya kuma san abin da kuɗin mota daga Agege zuwa Ijora ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Idan ya nemi a rubuta, tsoron gobe ne ke magana. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma wannan ita ce hirar da ta fi buƙatar mai shiga tsakani. Da aka tayar da batun, masu bitar suka ce ya fita daga abin da aka ɗauke su yi. Na fahimci dalilinsu, tunda mai kamfani ne ke biyansu, amma bitar da ta gyara gaisuwa ta bar wannan ta gyara abin da ya fi sauƙi ne.

Ƙananan kurakurai su ma suna nan. Ɗan littafin da aka raba da Turanci yake daga farko har ƙarshe, ko da yake sun san tun kafin ranar cewa yawancin mahalarta Hausa suke ji. Bibiyar da suka yi alkawari bayan wata guda ta zo ne a matsayin fom da ake cikewa ta intanet, wanda mutanen da aka fi buƙatar jin ra'ayinsu ba za su iya cikewa ba, kuma abin ya dame ni domin ya saɓa wa darasin da su da kansu suka koyar. Alaƙarmu da abokan aiki Yarabawa da Ibo, makanikai da wakilan fito da kaya da muke hulɗa da su kullum, waɗanda ke da nasu tsarin girmama manya, ba a ce komai a kanta ba.

Game da abin da ya sauya a garejinmu, zan faɗi abin da na gani kawai. Saƙon murya da gaisuwa sannan rubutun lambobi ya zauna, har sababbin ma'aikata suna tarar da shi a matsayin al'adar ofis. Maimaita lambar kwantena ya zauna a wurin matasa fiye da dattawa, kuma har yanzu sai an tuna wa wasu. Akawuna sun daina yi wa masu kaya alkawarin rana sai sun tambayi direban da zai yi tafiyar, wannan kuma ya rage kiraye-kirayen da ke tayar da hankali a hanya. Ƙarar da ake kawo mini ta ragu sosai, kuma wadda ke zuwa yanzu a kan aiki take, ba a kan raini ba. Abin da bai sauya ba shi ne faɗa wa maigida gaskiya, domin Alhaji bai halarci bitar ba, ya tura mu ne ya tafi wata sabga. Matasan sun koyi yadda ake gabatar da saɓani cikin ladabi, amma wanda ya fi kowa buƙatar koyon buɗe ƙofa bai ji darasin ba. Kamfanin horarwar ya kamata ya sa halartar mai kamfani cikin sharuɗɗansa, ko da hakan zai sa ya rasa wasu masu saye.

Ana biyan kuɗin ne bisa yawan mahalarta, kuma abin da muka biya wa mutum ɗaya, haɗe da abinci da zaure, ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ga kamfanin da ke da motoci a hanya, inda kuskuren saƙo ɗaya kan jawo kuɗin jinkirin da ya fi haka, lissafin ya fita. Ga mai rumfa a Mile 12 da ke da yara biyu ko uku kuɗin ya yi yawa, sai dai in ƙungiyar 'yan kasuwa ta haɗa kai ta ɗauko masu horarwar zuwa ofishinta, wanda zai cire kuɗin otal.

Duk wanda zai saya, ina ba shi shawarar ya zauna da su kafin ya biya ko sisi. Ya tambayi wanda zai jagoranci zaman da sunansa, ya tabbatar mai jin Hausa ne wanda ya san zaman gareji ko kasuwa, domin darajar wannan bita a hannun mai koyarwa take, kuma kamfanin yana da masu koyarwa fiye da ɗaya. Ya nemi a taƙaita jadawalin shekarun haihuwa ko a maye shi da tarihin ƙasar nan, a ba mata ma'aikata zama na musamman a gaban kowa, a fassara ɗan littafin ko a naɗe shi da murya a tura wa mahalarta, bibiyar kuma ta zama ziyara ko kiran waya. Ya kuma yanke shawara tun farko ko a shirye yake a taɓa maganar albashi da takardar aiki, ya faɗa musu a fili. Mu mun riga mun nemi su dawo domin makanikai da yaran mota da ba su sami zuwa ba, a kan cewa a garejinmu za a yi, Hajiya ce za ta jagoranta daga farko har ƙarshe, kuma Alhaji ya amsa cewa wannan karon zai zauna.